Yadda Za Ka Sa A Riƙa Amsa Saƙonka A LinkedIn

Da yawa daga cikin matasanmu da suka gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi kan buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, lokacin hidimar ƙasa, su yi ta aika saƙonni, amma shiru kake ji. Sai a ce manya ba sa kula ɗan talaka. Akwai masu girman kai, ba musu, amma galibi matsalar tana jikin saƙon ne, kuma tana gyaruwa.

Kafin ka rubuta wa kowa, fara gyara shafinka, domin wanda ya ga saƙon baƙo sunan zai fara taɓawa ya ga ko wane ne. Sa hoton fuskarka kai kaɗai. Hula da kaftani ko hijabi duk daidai ne, ba dai hoton biki da kafaɗar aboki ke leƙowa ba. Layin da ke ƙarƙashin sunanka kuma ya faɗi abin da ka iya. "Likitan dabbobi a Sakkwato, ina aiki kan kiwon jar akuya" ya fi "Mai neman aiki" nesa ba kusa ba.

Sai zaɓen wanda za ka rubuta wa. Kada ka fara da shugabannin kamfanoni, akwatinsu a cike yake. Shiga shafin jami'arka, akwai sashen tsofaffin ɗalibai inda za ka tace su bisa gari, wurin aiki da abin da suka karanta. Tun 1975 aka kafa Danfodiyo, ɗalibanta sun bazu Abuja da Legas da ƙasashen waje, kuma wanda ya sha ranar Dundaye, inda jami'ar take, kamar yadda ka sha ba zai ɗauke ka bare ba. Nemi wanda ya riga ka da shekara 5 zuwa 10, shi ne bai manta wahalar farawa ba.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Mu mutanen gaisuwa ne, kuma abin alfahari ne. A ƙofar gida sallama kake yi ka tsaya sai an amsa, amma a nan in ka rubuta "Salamu alaikum, ranka ya daɗe" ka tsaya jira, mutumin bai san me ke tafe da kai ba, zai ce bari sai an jima, shi ke nan ta wuce. Haɗa gaisuwar da ko kai wane ne da buƙatarka a saƙo guda:

"Salamu alaikum Injiniya, da fatan ana lafiya. Na karanta kimiyyar sinadarai a Danfodiyo, na ga kuma kana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na masana'antar siminti. Wane kwas ɗaya za ka shawarci sabon shiga ya yi kafin ya nemi irin aikinku? Na gode, Allah ya ƙara girma."

Lura da ƙanƙantar buƙatar. Tambaya ce da zai iya amsawa da layi biyu yana cikin mota. "A taimaka min da aiki" kuwa kaya ne mai nauyi, wanda ba shi da aikin bayarwa kunya za ta sa ya yi shiru. Kada ka nemi lambar waya a saƙon farko, kada ka lafta masa takardun karatunka bai tambaya ba. Dama ɗan bayanin da ake haɗawa da neman ƙulla alaƙa an ƙayyade yawan haruffansa, don haka taƙaitawa dole ce. In ba Bahaushe ba ne, rubuta da Turanci mai sauƙi, ka duba rubutun sunansa da muƙaminsa sau biyu. Mace kuma a kira ta Dakta, Malama ko Hajiya, a tsaya kan maganar aiki kawai.

Aika a ranakun aiki da hantsi, ka kauce wa lokacin sallar Juma'a. Wanda ke gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 ko 6, ka lissafa da wannan.

In mako ya cika ba amsa, tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, ka bar shi haka. In ya amsa, yi godiya a ranar, sannan ka dawo ka gaya masa abin da ka yi da shawararsa, nan ne zumunci ke ƙulluwa. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom ko na "shigar da suna" kafin a ba ka aiki, toshe shi ka kai rahotonsa ga LinkedIn.