Darasi na Tara: Wuta-wuta da Danginta

Daren da muka fara wannan darasi a ajinmu na Aboabo, wata Hajiya mai sayar da masara ta shigo da wata ciyawa a ƙunshe cikin leda. Ƙaninta ne ya aiko mata da ita daga Bawku a motar kaya. Ta shimfiɗa ta a kan tebur ta ce, "Malam, wai wannan 'yar abar ce ta cinye mana gonar dawa bana. Ni dai na duba na duba, ban ga baki a jikinta ba."

Ajin ya kwashe da dariya. Ciyawar ta kwana biyu a hanya, ta bushe ta yi baƙi ƙirin kamar an gasa ta. Wani dattijo da ya yi noma a ƙuruciyarsa ya matso da ita kusa da fitila, ya shafa karan da yatsa, ya ce, "Wuta-wuta ce. A garinmu ƙuduji muke ce mata. Hajiya, bakinta yana ƙarƙashin ƙasa."

Baba ya yi gaskiya, kuma daga nan za mu ɗauko.

Siffar furen gidan

Tsirrai ma suna da dangi kamar mutane, kuma a fure ake gane dangantakarsu. Ganye yakan yaudari mutum, fure bai cika yi ba. A gidan su wuta-wuta, yawancin furanni suna da gindi kamar ƙaramin bututu, sai bakin ya buɗe gida biyu kamar leɓen mutum. Leɓen sama yana da kunne biyu, na ƙasa yana da uku. In furen ya faɗi, sai wani ɗan ƙwanso ya fito a gurbinsa, cike da iri ƙanana masu yawan gaske.

Masana sun sa wa gidan suna daga wani tsiro mai suna Scrophularia, wanda yake fitowa a Turai, a wurare masu danshi da inuwa, bakin rafi da gindin shinge. Karansa mai kusurwa huɗu ne, furensa ƙanana ne, warinsa ba daɗi. Mutanen da can suna sa shi a maganin kaluluwar wuya, daga sunan wannan ciwon ya samo nasa. Ba za ka same shi a Kumasi ba, don haka ba za mu daɗe a kansa ba.

Abu ɗaya kawai za ka riƙe. A shekarar 2001 masana da suka binciki ƙwayoyin gado na tsirran nan sun nuna cewa ba duka ne 'yan gida ɗaya ba, sai aka raba gidan. Wuta-wuta ta koma wani, ruma-fada, wata ciyawar kango da za mu zo kanta a gaba, ta koma wani. Amma tsofaffin littattafan aikin gona suna haɗa su wuri guda, kuma ga mai koyon gane su da ido, haɗin yana da amfani. Haka za mu bi.

Wuta-wuta ta dawa da gero da masara

Sunanta a wurin masana Striga hermonthica. Tana kai gwiwar mutum, wani lokaci har ƙugu. Karanta mai kusurwa huɗu ne, in ka shafa za ka ji kaushi kamar harshen saniya. Ganyenta siriri ne, dogo, shi ma da kaushi. Furenta ruwan hoda ne mai ɗan shuni-shuni, a jere a saman kara, na ƙasa su fara buɗewa kafin na sama. Duba bututun furen da kyau, za ka ga ya lanƙwashe. Da ɗanyenta, kyakkyawa ce ƙwarai. Baƙon da bai san ta ba yana iya tsayar da mota ya ɗauki hotonta, mai gonar kuwa yana gefe ya yi tagumi.

Ga yadda take cin gona. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata. Suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba, kuma ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da su. Jira suke yi sai saiwar dawa ko gero ko masara ta zo kusa. Saiwar tana fitar da wani sinadari cikin ƙasa, da irin ya ji shi sai ya tsira, ya maƙale a jikin saiwar, ya huda ta, ya shiga tsotsar ruwa da abinci. Haka za ta yi wajen wata guda ko fiye a ɓoye, kafin ta leƙo sama. Shi ya sa manomi yake ganin dawarsa ta tsaya, ganye ya yi rawaya ya naɗe kamar an yi fari, alhali ƙasa a jiƙe take. Kafin ya ga fure, an riga an yi masa rabin ɓarnar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wurin zamanta ƙasar da ta gaji ce: jigawa, mai yashi, wadda aka yi shekara da shekaru ana shuka hatsi iri ɗaya ba taki. A Gana za ka fi samun ta a arewa, wajajen Bawku da Navrongo da Wa da Tamale, inda damina ɗaya ce. Furen yakan cika gona daga watan Agusta zuwa Oktoba. A nan Kumasi ƙasar kurmi ce mai damina biyu, ba wurinta ba ne. Amma mu mutanen zango da yawanmu ƙafa ɗaya a nan take, ɗaya a arewa. Mu ne muke aika kuɗin noma, mu ne muke sayen hatsin.

Hajiya ta yi tambaya mai kyau. Ta ce, "To Malam, in na ɗebi masara daga buhun kasuwa na aika a shuka fa?"

Wannan hanya ce babba da take bi ta shiga sabuwar gona. Irinta yana laƙewa a jikin hatsin da aka sussuka a ƙasa, yana bin fartanya da garma da kofaton dabbobi. Ido ba ya ganinsa a cikin buhu. A sayi iri mai tsabta daga wurin masu sayar da iri. Cibiyar binciken noma ta Nyankpala kusa da Tamale da ta Fumesua a nan gefen Kumasi sun fitar da masara mai jure mata, kamar Omankwa da Wang-dataa. A tambayi malamin gona wanda ya dace da yankin.

In ta riga ta shiga, a tuge ta da zarar ta fara fure, kafin ƙwanso ya nuna. A tara a ƙone. Kada a zubar a kunyar gona, domin irin yana iya ƙarasa nuna a jikin wadda aka tuge. A zuba takin gida. A riƙa juya shuka da auduga ko waken soya ko gyaɗa, domin saiwarsu tana sa irin ya tsira amma ba ya samun abin kamawa, sai ya mutu. Aikin shekara ɗaya ba ya gama da ita, gaskiya ce mai ɗaci amma gara a faɗa.

Masu cin wake da shinkafa

Akwai wata wuta-wutar da ba ruwanta da dawa, wake take bi. Gajeruwa ce, ba ta cika wuce taƙi ɗaya ba, rassa da yawa suna fitowa daga gindi ɗaya, karan da ɗan kauri. Ganyenta ƙanana ne ainun, a manne da kara kamar ɓawon kifi. Furenta shuni ne mai haske, wani lokaci fari-fari. Waken Songotra na cibiyar Nyankpala yana da ƙarfin hana ta kama shi.

In kuwa ka ga mai furen rawaya a gonar wake ko gyaɗa, wannan Alectra ce. Tone gindinta, za ka tarar da ɓangaren da ke cikin ƙasa ruwan goro ne. Ita tana kama waken soya da gyaɗa, saboda haka a duba gona da kyau kafin a zaɓi abin da za a juya.

A fadamar shinkafa kuma akwai wata mai ganye siriri kamar allura da farin fure mai dogon bututu. Da rana furen a rufe yake, sai magariba ta yi yake buɗewa, shi ya sa manoma da yawa ba su taɓa lura da furenta ba.

Wadda ke ƙofar gidanka

Ruma-fada ba sai ka je arewa ba. Tana nan a Asawase da Sawaba da Aboabo, a kango, a gindin katanga, a bakin hanya, duk inda ƙasa take da ɗan danshi kuma ba a share ba. Ba ta tsotsar kowa. Asalinta ma daga ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka ne, ta bazu ta zama 'yar gida. Tana da rassa da yawa sirara kamar tsintsiya. Ganyenta ƙanana ne, bakinsu da haƙora kamar zarto, sau da yawa uku-uku a gaɓa ɗaya. Furenta ya saba wa na sauran: ƙarami ne, fari, mai kunne huɗu a buɗe, da gashi-gashi a tsakiya. Ƙwansonta kewayayye ne, bai kai ƙwayar dawa ba. In an tauna ganyen, ɗaci ke fara zuwa, sannan zaƙi ya biyo baya.

Masu maganin gargajiya suna amfani da ita, har wasu suna ba masu ciwon sukari. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi saboda ita, kuma wadda ta fito a bakin kwata ba ta shiga baki. A tsohon gidan nan akwai wani tsiron Turai mai suna Digitalis, wanda likitan Ingila William Withering ya bayyana amfaninsa a 1785. Daga ganyensa ake samun maganin zuciya, amma ganyen nan kaɗan yana kashe mutum. Awo ne ya raba maganin da gubar.

Kama da wane ba ta wane ba

Furen riɗi da na karkashi suna da bututu da leɓe, har launin yakan yi kama da na wuta-wuta. Ba gidansu ɗaya ba. Furensu ya fi girma, yana sunkuyawa ƙasa kamar ƙararrawa, ganyensu ya fi faɗi. Murza ganyen karkashi da ɗan ruwa, za ka ji yauƙi. Kuma in ka shanya su ba sa yin baƙin nan da ciyawar Hajiya ta yi.

Aikin gida

Nemo ruma-fada guda ɗaya a unguwarku, da furenta. Sa ta tsakanin takardun jarida, ka danne da abu mai nauyi har kwana 7. A littafinka rubuta ranar da ka tsinke ta, da unguwar, da irin wurin: rana ko inuwa, busasshe ko mai danshi. Ƙirga kunnuwan furen ka rubuta adadin. Wanda yake da ɗan'uwa mai noma a arewa ya buga masa waya ya tambaye shi da wane suna suke kiran wuta-wuta a harshen garin, da kuma amfanin gonar da ta fi kamawa bana. A zo da amsar ranar Laraba bayan sallar Isha'i.