In talla ta ce "akwai takarda", tambayi wace iri

Ƴan uwa masu neman gida a Damagaram, kafin ku biya kuɗin kabu-kabu zuwa ganin gida, ku sa dillali ya turo hoton takardar ta WhatsApp. Ba hoton falo da tayil ba, takardar.

Kalmar "takarda" a talla tana ɗauke da abu uku. Akwai ta shaidar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu. Akwai akt da sesiyon, wato takardar ba da fili ta ma'aikatar magajin gari, mai lambar ilo (rukunin filayen) da lambar parsel (filin kansa). Sai titir fonsiye, wato takardar cikakkiyar mallakar fili ta gwamnati, wadda ta fi duka ƙarfi, ita banki ya fi yarda da ita. Farashin gidajen ba ɗaya ba ne, kada a sayar muku da mai ta farko a kuɗin mai ta uku.

In hoton ya zo, ku duba suna. Na taɓa ganin wadda sunan marigayi ne a kanta, mai sayarwa kuwa ɗa ɗaya cikin magada tara. Ku duba faɗin filin ma: talla ta ce mita 400, takarda ta ce 300, katanga ta ci hanya.

Amma dabarar ba ta aiki a tsofaffin gidajen Birni, da yawa gado ne tun kakanni, ba lambar ilo. Nan sai kun zauna da magada duka da mai unguwa. Kuma hoto ba ya nuna jabu, ku kai lambobin ofishin filaye a duba rajista.

In talla ta ce "akwai famfo" kuwa, ku tambayi maƙwabta sau nawa ruwa ke zuwa a watan Afrilu.