Loka ko ɗaga mota, wanne za ka fara zuba wa kuɗi in kana shiga ƙauyukan Sakkwato

Duk wanda ya sayi Hilux ko Land Cruiser a garin ga, abu na farko da abokai ke zuga shi a kai shi ne ya ɗaga ta, wai ta fi kwarjini in ta hau titi. Ban ce ba ta kyau ba, tana kyau, amma in dai don aiki ka saye ta, kana shiga fadamar Rima wajen Wurno da Goronyo da damina ko kana yanka yashi can wajen Gudu da Tangaza, to kafin ka kai ta gareji tsaya ka tuna yadda ta kafe maka karo na ƙarshe, don nan amsar take.

Kafewa iri biyu ce. Akwai wadda za ka sauko ka tarar da cikin mota ya zauna daram bisa ƙasa, tayu na lilo ba su taka komi. Akwai kuma wadda cikin mota bai taɓa komi ba, amma taya guda na ta juyawa tana watsa laka ita kuma ta ɗaya gefen tana tsaye kamar ba a jikin motar take ba. Ta farko matsalar tsawo ce. Ta biyu matsalar difarenshal ce, kuma ko ka ɗaga motar ta kai tsawon tirela haka za ta ci gaba da yi maka.

Ga dalili. Difarenshal, wato wancan ƙullutun da ke tsakiyar aksil na baya, aikinshi shi ne ya bar tayu biyu su yi gudu daban in ana kwana, don tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Illarshi ita ce ƙarfin da yake ba tayar da ke riƙe da ƙasa ba ya wuce wanda tayar da ke santsi ta iya ɗauka, shi ya sa in guda ta faɗa laka ko ta tashi sama a bakin kwazazzabo sai duka aksil ɗin ya zama banza. Ko ka sa fo-wil, mota mai buɗaɗɗen difarenshal gaba da baya tana iya tsayawa cak in tayar gaba guda da ta baya guda sunka rasa kamu lokaci ɗaya, kuma hakan na faruwa sosai a hanyoyin da ruwa ya zaizaye. Loka, wato makullin difarenshal, tana ɗaure tayun biyu ne su juya tare, ko ɗaya na sama ɗayar za ta tura.

Kafin ka kashe ko kwabo duba ko motarka na da ita tun daga kamfani. Hilux da anka fara yi daga 2015 da yawa masu fo-wil suna zuwa da maɓalli an rubuta RR DIFF LOCK, wasu Land Cruiser 79 ma har ta gaba gare su, kuma wallahi akwai direbobin da ke shekara da mota ba su taɓa danna shi ba. Ta Toyota galibi sai kana cikin L4, wato fo-wil mai ƙaramin gudu, take kamawa, kuma littafin motar ya ce kada ka wuce kilomita 8 a awa in tana kulle. Masu Prado kuma ku lura, maɓallin nan na tsakiya yana ɗaure gaba da baya ne kawai, ba ya ɗaure hagu da dama, abu ne daban. In babu maɓalli, ka sa dutse a tayun gaba, ka ɗaga baya duka da jak a ƙasa mai tauri, giya a firi, ka juya taya guda da hannu. In ɗayar ta juya baya-baya galibi buɗaɗɗe ne, in ta bi ta gefe guda to akwai LSD a ciki, wato difarenshal mai rage santsi, wanda ke taimakawa kaɗan amma in ya tsufa faifan cikinshi sun cinye kusan daidai yake da babu.

In saye za ka yi, wadda kake kunnawa da kashewa da kanka ta fi dacewa da mu, don rabin tafiyarmu kan kwalta ce, ka bi titin Illela ko na Isa sannan ka ratse. Akwai mai iska irin ta ARB da ke buƙatar kwamfuresa, akwai mai lantarki irin ta Eaton. Mai iskar tana da ɗan jidali na tiyo da sil da ke iya yoyo, amma in kwamfuresar babba ce da ita za ka riƙa ba tayu iska, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan dawo kanshi. Akwai masu kulle kansu irin Detroit Locker, ba ruwansu da waya ko tiyo, sai dai suna ƙas-ƙas a kwana suna cin taya kuma bayan mota na ɗan fizga in titi ya jiƙe. Wanda kuma zai ce maka kawo a yi wa giyoyin ciki walda a huta, ka ce mishi ka gode. Motar da ke ɗaukar buhunan albasa ta hau kwalta da aksil a ɗaure har abada, shaf ne zai karye, ranar da zai karye kuma ba a bakin gareji za ta same ka ba.

Ka fara da ta baya. Ta gaba a Hilux mai sifiya-joyin, wato joyin ɗin shaf na tayun gaba, tana sa sitiyari ya yi tauri mota ta ƙi kwana, kuma in ka taka wuta da ƙarfi tayu a karkace joyin ɗin ke fashewa. Sannan ka tabbatar lokar ta dace da aksil ɗinka, adadin haƙoran shaf ba ɗaya ba ne tsakanin modal da modal, ka tura wa mai kayan lambar shasi kafin ka biya, ko daga Kano zai turo ko daga kasuwar Ladipo ta Legas. Wurin ɗaurawa kuma nemi makaniken da ya saba buɗe aksil yana saita tazarar haƙoran kurawun-wil, babbar giyar nan ta cikin difarenshal, in an yi shi da ka kawai za ka ji kuka a baya duk tafiya.

To ɗagawa fa? Ga abin da masu zuga ba su faɗi ba: ɗaga sifirin yana ɗaga bodi da shasi ne, ƙullutun aksil na baya yana nan inda yake. Abin da ke ɗaga shi taya ce kawai. In ka tashi daga 265/65R17 wadda tsawonta ya kai wajen inci 30 da rabi ka koma 285/70R17 mai kusan inci 33, ƙullutun ya tashi da wajen inci ɗaya ke nan, rabin bambancin. A cikin ramin da tifa da tarakta sunka haƙa a watan Agusta, tsakiyar hanya ta yi tudu, incin nan ɗaya shi ne ke raba wucewa da kwana. Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne ta ba babbar taya wuri, ta kuma hana hanci da wutsiyar mota dukan ƙasa wurin gangara rafi da haurowa.

Inci 2 ya isa, wato milimita 50, da sifirin da shokazoba masu kyau irin su Old Man Emu ko Ironman in aljihu ya yarda. In ka wuce nan a Hilux joyin na gaba zai yi aiki a karkace, robarshi ta yage, ƙura ta shiga, kuma ƙurar garin ga ba sai an gaya ma kowa ba. Mota mai tsawo da kaya jibge a sama ta fi saurin kifewa in ka kauce wa rami da gudu, mai zai ƙaru, sifidomita kuma zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi saboda babbar taya. Mai ɗaukar kaya kullum wanda bayan motarshi ya riga ya zauna, shi ba ɗagawa yake nema ba, sabon sifirin mai ɗaukar nauyi yake nema, yana sawa zai ga tsawon da ya ɓace ya dawo.

Yanzu batun yashi, don wajen arewa da yamma shi ya fi yawa. A yashi mai zurfi loka ba ta yin abin mamaki, in duka tayu huɗu suna nutsewa tare to ɗaure su sai dai ya sa ka haƙa rami da sauri. Rage iska shi ne maganin, ka sauko wajen PSI 18 zuwa 20 a geji, tayar ta baje, ka tafi a giya guda ba canzawa ba tsayawa ba kwana mai kaifi. Amma kana dawowa kwalta ka mayar da iskar, taya mara iska a zafin Afrilu da ke haura digiri 40 tana gudu da kaya fashewa za ta yi. Shi ya sa na ce kwamfuresa da geji su riga komi shiga motar, mai faci ba ya nan a tsakiyar daji.

Ni dai a ganina jerin kashe kuɗin shi ne taya mai kyau da kwamfuresa, sai loka ta baya, sai ɗagawa in har cikin motar na ci gaba da zama. Wanda aikinshi fadama ne da kwazazzabai ba shakka loka zai fara, wanda kullum cikin ramin manyan motoci yake to shi taya da inci 2 za su fi yi mishi rana.

In ka ɗaga ɗin, kada ka bar garejin sai an duba tiyon birki na baya ko ya yi gajere in aksil ya sauka ƙasa duka, a tsofaffin Hilux kuma akwai ɗan bawul na birki da ke haɗe da aksil da sanda yana auna nauyin kaya, shi ma sai an gyara mishi zama in ba haka ba birkin baya zai ragu. Daga nan ka wuce alaimen, a saita maka fitilun gaba su sauko, bayan ɗan kwanaki kuma ka koma a sake ɗaure notocin da ke riƙe sifirin da aksil don sabo yana sakewa.