Yadda ake nazarin malaman Kirista na da a kan jiki da aure

Ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da zai shiga wannan fanni ya fara da Agustin, bishop na garin Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430 miladiyya, domin a kansa na baya suka ɗora. A wurinsa alherin aure uku ne: haihuwa, riƙon amana, da alkawarin da ba ya warwaruwa.

Sai Toma Akwinas, malamin tauhidin Kirista ɗan Italiya, wanda ya rasu a 1274. A nan ake yawan tuntuɓe. A littafinsa Summa Theologiae, kowace mas'ala tana farawa ne da hujjojin da zai rushe, hukuncinsa ya zo a tsakiya, amsoshi su biyo baya. Wanda ya tsaya a layukan farko zai jingina masa abin da bai faɗa ba, kuma wannan zalunci ne ga malami. Ka bi mas'alar har ƙarshe, kamar karatun zaure. Maganarsa kan jikin mace kuwa, yawancinta daga Aristotal, masanin falsafar Girka na da, ya ɗauko, don haka ka rarrabe ta da nassin Baibul.

Ka riƙe shekaru. Taron Lateran, wato taron shugabannin cocin Katolika a Roma, na 1139 ya ɓata auren limaman coci, na 1215 ya rage dangin da aka haramta aure da su daga matakin zumunci bakwai zuwa huɗu.