Yadda za ka gane ko ƙatuwar motar alfarma za ta yi kasuwa a wata ƙasa kafin ka zuba kuɗinka

Cadillac Escalade a Amurka motar manya ce, mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan siyasa duk ita suke shiga, amma ka ɗauki wannan motar dai ka ajiye ta a shagon dila a Tokyo sai ta yi wata da watanni ba wanda ya ko taya. In ka tambayi mutane sai su ce ai ƙiyayya ce, ko kuma kuɗin kwastam ne ya yi yawa, har shugaba Trump ma ya sha yin wannan ƙorafin a kan Japan. To amma fa Japan tun 1978 ta cire harajin shigo da mota gaba ɗaya, ko sisi ba a biya, kuma a wannan ƙasar dai Mercedes take sayar da mota wajen dubu 50 a shekara, alhali Ford sai da ta tattara komatsanta ta bar ƙasar a 2016. Don haka in kana harkar mota, ko kana shirin shiga, ga abubuwan da za ka bincika tun kafin ka biya kuɗin jirgin ruwa.

Fara da tef ɗin awo. Wallahi da gaske nake, ka auna motar sannan ka auna inda za ta kwana. Escalade tsawonta ya kusa mita 5.4, doguwar da ake kira ESV ta haura 5.7, faɗinta kuma ya ɗan wuce mita 2. A yawancin garuruwan Japan ba za a yi maka rajistar mota ba sai ka kawo takardar 'yan sanda da ke nuna kana da wurin ajiye ta, kuma dole wurin ya kasance cikin kilomita 2 daga gidanka, kuma ba wai ka faɗa da baki ba ne a yarda, zuwa ake yi a duba ko motar za ta shiga. Ga shi gidajen bene da yawa fakin ɗinsu na inji ne, irin wanda za ka hau kan faranti ya ɗaga motar sama, kuma da yawansu faɗin da suke karɓa bai wuce mita 1.85 ba, tsayi daga ƙasa zuwa sama kuma 1.55. Ka ga tun a nan an gama magana, mutum yana da kuɗin a aljihu amma ba shi da inda zai sa ta. Shi ya sa sama da kashi ɗaya cikin uku na sabbin motocin da ake saye a can 'yan ƙananan nan ne masu lamba ruwan ɗorawa da suke kira kei, doka ta ce kar tsawonsu ya wuce mita 3.4, faɗi 1.48, inji 660cc, kuma Honda N-Box ta yi shekaru tana gaba a ciniki. Turai ma kusan haka ne, tsofaffin unguwannin Roma ko Lisbon an gina su tun kafin a san mota, lungu ne da keken doki ya isa. Don haka ka buɗe taswirar Google a wayarka ka shiga unguwar masu kuɗin garin ka kalli faɗin titi da ƙofar garejinsu, minti goma ya ishe ka.

Daga nan sai haraji, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure sabida suna duba na kwastam kawai su manta da wanda mai motar zai riƙa biya bayan ya saya. Ka nemo a kan me ƙasar take ɗora harajinta: girman inji ne, nauyi ne, ko hayaƙi. A Japan girman inji ne, mai kei yana biyan yen 10,800 a shekara, mai injin da ya haura 6,000cc yana biyan yen 110,000, kuma Escalade injinta V8 ne mai lita 6.2, ta faɗa sahun ƙarshe kenan. Ga kuma harajin nauyi da ake biya lokacin binciken lafiyar mota, wanda ake yi bayan shekara 3 da sayen sabuwa sannan duk bayan shekara 2. Faransa kuwa hayaƙi take bi, tara ce ake biya ranar rajista wadda a 2024 ta kai har yuro dubu 60, a 2025 aka ƙara zuwa dubu 70, banda wata tarar ta nauyi da take hawa kan kowane kilo. A watan Fabrairun 2024 mutanen Faris suka yi ƙuri'a suka ninka kuɗin fakin na manyan motoci sau uku, baƙon da ya shigo tsakiyar gari da mota mai nauyi yuro 18 zai biya duk awa. China ma inji take dubawa, mai lita 2 harajinsa kashi 5 ne cikin ɗari na farashin motar, wanda ya wuce lita 4 kashi 40, shi ya sa za ka ga zabgegiyar motar alfarma a Shanghai ka buɗe bonet ka tarar da ɗan inji mai silinda huɗu da turbo. Singapore kam ba a magana, takardar izinin mallakar mota ta shekara 10 kaɗai ta haura dalar Singapore dubu 100, tun ba ka sayi ko taya ba. A Amurka kuwa akasin haka ne, ɗan kasuwar da ya sayi motar da nauyinta da kaya ya haura fam 6,000 rangwamen haraji ma yake samu, to me zai hana su ƙera ƙattai.

Kar ka manta da lasisi, a Turai lasisin tuƙi na kowa da kowa ya tsaya ne a tan 3.5, Hummer ɗin lantarki kuwa ta haura tan 4, sai an nemi na babbar mota.

Mai kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Tankin Escalade wajen lita 90 yake ci kuma lita ɗaya da ƙyar take kai kilomita 7. A Amurka lita ba ta cika kaiwa dala ɗaya ba, a Jamus kusan ninki biyu ne. A Saudiyya kuwa litar fetur mai lamba 91 riyal 2.18 ce, ga titi kamar filin jirgi ga iyali masu yawa, shi ya sa duk wanda ya je aikin Hajji ko Umra ya ga yadda GMC Yukon da Suburban suka cika hanyar Makka zuwa Madina. Mota ɗaya ce fa, a can tana tafiya kamar ruwa, a wani wurin ta zauna.

Sai hannun sitiyari. Japan, Ingila, Indiya, Ostireliya, Afirka ta Kudu da Kenya duk hagun titi suke bi, sitiyari a dama. Kamfanonin Amurka sau tari ba sa wahalar da kansu su yi na dama sabida cinikin gida ya ishe su, Escalade ɗin da ake sayarwa a Japan ma hannun hagu ce. Doka ba ta hana ba, akwai ma masu kuɗin da suke ganin hannun hagu wani abun yanga ne, amma ka yi tunanin duk ƙofar fakin da za ka shiga injin tikiti yana ɗaya ɓangaren, kuma in za ka wuce babbar mota ba ka ganin gabanka. A Ostireliya sai an kwance RAM da Silverado, manyan a-kori-kurar Amurka, a Melbourne an juya musu sitiyari tukuna, kuɗin aikin kuma mai saye ne zai biya. Mu ma abun ya shafe mu ta ɗaya hannun, tun 1972 Najeriya ta koma bin dama, shi ya sa tokumbon Japan masu araha da suke cika Kenya da Tanzaniya ba su da hanyar zuwa nan kai tsaye. Amma kar ka ɗauka sitiyari kaɗai ya isa, a tsakiyar shekarun 1990 an juya wa Chevrolet Cavalier hannu, aka manna mata tambarin Toyota, aka sa ta a shagunan Toyota a Japan, duk da haka zuwa 2000 aka haƙura.

Abun da ya fi wuyar aunawa shi ne me mai kuɗin wurin yake ɗauka a matsayin girma, kuma ni a ganina nan ne kamfanoni suka fi shan ƙasa. Ka tambayi kanka, mai motar shi zai tuƙa ko baya zai zauna? A China baya yake zama, don haka Audi da BMW da Mercedes suka ƙara wa motocinsu tsawo musamman don su, irin A6L ta Audi kenan, kuma Buick da ake wa kallon motar tsofaffi a Amurka a can ta yi suna sosai, musamman GL8. A Japan shugaban kamfani ko ɗan majalisa Toyota Alphard yake shiga, daga waje kamar ƙaramar bas amma ciki kujera ce kamar ta jirgi, ƙofa mai zamewa wadda za ta buɗe a matsattsen wuri, kuma ba ta jan ido, su kuwa ba sa son a ce wane ya cika nuna arziki. Bajamushe shi zai tuƙa da kansa kuma yana son motar da za ta riƙe hanya in ya taka a babbar hanyarsu, motar da take lilo a kwana ba ta burge shi. GM, kamfanin da yake ƙera Cadillac, ta gwada yi wa Turai tata Cadillac ɗin, BLS, a masana'antar Saab a Sweden, ba ta yi shekara huɗu ba aka daina, Infiniti, motar alfarma ta Nissan, ita ma ta fice daga yammacin Turai a 2020. Kuma ba Amurkawa kaɗai abun yake samu ba, Volkswagen ta kai musu Phaeton, mota ce ta gaske ba wasa, amma Ba'amurke ya ce ba zai biya kuɗin Benz a kan tambarin da ya sani a jikin Golf ba, a 2006 suka janye ta. Toyota ta gane wannan tun da wuri shi ya sa ta ƙirƙiro sunan Lexus a 1989.

In kana son ganin wanda ya yi aikin gida ka dubi Jeep, ita ma 'yar Amurka ce amma ta kai Japan hannun dama, ta kai masu ƙaramin inji, ta buɗe shaguna, kuma akwai shekarun da ta sayar da sama da dubu 10.

Na ƙarshe shi ne bayan saye, wa zai gyara, ina kayan gyara, nawa za ta yi ranar sayarwa. Wannan kam ba sai an koya wa mai harkar mota a Kano ko Kaduna ba, Alhaji zai ga Escalade ta burge shi amma Land Cruiser ko Lexus LX zai ɗauka, sabida ya san in wani abu ya lalace za a samo a Kofar Ruwa ko a aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas gobe, bakanikensa ya san injin, kuma duk ranar da ya so kuɗinsa akwai mai saye. Bajafane ma haka yake tunani sai dai shi har gida dila yake zuwa ya ɗauki motar a yi mata sabis. To ka shiga shafukan sayar da tsofaffin motoci na ƙasar da kake hari, ka nemo irin motar taka wadda ta yi shekara 3, ka ga guda nawa ne a kasuwa, wata nawa suka yi a shafin, kuma nawa farashin ya faɗi in ka haɗa da Benz ko Lexus ɗin da aka saya kuɗi ɗaya da ita. Sannan ka ƙirga shagunan dilan kamfanin a taswira, in mafi kusa da kwastomanka tafiyar awa uku ce to ka sa kuɗin janwe a cikin lissafin.