Yadda Ake Saka Ɗakin Matuƙi a Samfurin Jirgin Sama

Fara da duba kwalin. Kayan ɗakin matuƙi na rezin (wani nau'in roba mai tauri) na kamfanin Aires ko Eduard da aka yi wa samfurin jirgin yaƙi Spitfire na kamfanin Tamiya ba lalle su zauna a na kamfanin Airfix ba, ko da duka 1/48 ne, wato kashi ɗaya cikin 48 na girman jirgin gaske.

Wanke su da sabulu, su bushe. Sai ka sa su a ciki, ka gwada rufe gangar jirgin ba gam. In ta ƙi haɗuwa, kankare bangon ciki da samfefa kaɗan-kaɗan, kana ɗagawa sama; da ka ga haske ya fara ratsa robar, tsaya. Nan aikin yake, kada ka yi gaggawa. Jiƙa samfefar kafin ka goge rezin, ƙurarsa na cutar da huhu.

Gam ɗin roba ba ya kama rezin. Sufa gulu na Kasuwar Sabon Gari ya isa, ɗigo ɗaya a bakin tsinke. Fenti kuwa, in hunturu ne rufe taga tukuna saboda ƙura.