Matakan Da Ɗan Jarida Zai Ɗauka Don Tsira Da Ransa A Fagen Fama

A dokar ƙasa da ƙasa, ɗan jaridar da ke aiki a yankin yaƙi farar hula ne. Sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na shekarar 1977 ne ya tanadi haka, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya jaddada shi a ƙuduri mai lamba 1738 a 2006. Kariyar tana faɗuwa da zarar mutum ya sa hannu a faɗan, saboda haka kada ya riƙe makami, kada kuma ya sa tufafi masu kama da kakin soja.

A ganina, aikin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne tun kafin a kama hanya. Ɗan jarida ya zauna da editansa su rubuta hanyar da zai bi, da sunan direba, da lambar mota, da wanda zai gana da shi, sannan su tsayar da lokutan kira, misali duk bayan awa huɗu. Su kuma amince tun wuri a kan abin da za a yi idan aka ji shiru: wa za a fara nema, bayan minti nawa, kuma wa zai sanar da iyali. Ya bar wa editan wasu tambayoyi da shi kaɗai ya san amsarsu, domin idan aka sace shi, da su ne ake tabbatar da yana raye. Tun 1985 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa (ICRC) take da layin waya na musamman da ake kai rahoton ɗan jaridar da ya ɓace ko aka tsare.

Rigar sulke mai laushi tana tare ɓaraguzan bam, amma harsashin AK-47 sai an saka mata faranti mai ƙarfi. Ɗan jarida ya kuma koyi ɗaura ɗamarar tsayar da jini: a ɗaura ta santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, a kauce wa gaɓa, a matse har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin.

A shingen bincike, direba ya rage gudu, da dare ya kashe manyan fitilu ya kunna ta cikin mota, kowa ya ajiye hannu inda ake gani, mutum ɗaya ya yi magana, kyamara kuma ta zauna a jaka. Idan bam ya tashi, kada a ruga wurin, domin sau da yawa akwai na biyu da aka tanada wa masu kai ɗauki.

Ganawar da aka shirya ma tana da nata haɗarin. A ranar 2 ga Nuwamban 2013 aka sace Ghislaine Dupont da Claude Verlon, ma'aikatan gidan rediyon Faransa RFI, a Kidal da ke Mali, suna fitowa daga wata hira, aka kashe su. Don haka a taƙaita masu sanin wuri da lokaci, a kashe alamar wuri a waya, kada a daɗe, hotuna kuma a jinkirta sa su a intanet har sai direba da tafinta ma sun bar yankin.